'Yardada da Shanun Garin Shinkafa

A unguwar Madabo in za a kai gara, ba a tambayar wa zai yi alkaki. 'Yardada ce. Katangarmu ɗaya da ita, tun ina amarya nake shaƙar ƙamshin suyarta, kuma ko a gabanta zan faɗa: matar akwai faɗa, amma a alkaki babu na biyunta.

Da 'yarta Hadiza ta rasu wajen haihuwa, ita ta karɓi jaririn, Nazeer. Uban yaron, Auwalu, a Kaduna yake aiki, yakan leƙo lokaci-lokaci. A gindin ƙwaryar kwaɓi yaron ya tashi. In tana murza alkaki sai ta gutsuro masa ƙulli, ya zauna yana ƙera shanu masu ƙafa uku, rabi a tabarma rabi a baki.

"Maigida," takan ce masa, "in garken nan ya cika sai ka biya sadakina."

Sai dai yaron ya ƙi ƙiba. Ciki kamar tulu, ƙafafu sirara, gudawa ba ta yankewa. An yi jiƙo, an sha rubutu, wasu suka ce haƙori ne, wasu suka ce shawara. Sai da ya shekara huɗu wata likita ta gano abin: sinadarin nan da ke sa ƙullin alkama danƙo, shi ke ɓata masa hanji. Ko ɓurɓushinta kada ya ƙara shiga bakinsa, har iya rayuwarsa.

Auwalu ya zo ya durƙusa a tsakar gida, kansa a sunkuye.

"Hajiya, ba raini ba ne. Amma gidan nan ko'ina alkama ce. In ya sake kwanciya, zan tafi da shi Kaduna."

Washegari 'Yardada ta rabar da rariya da ƙore, ta miƙo mini kaskon suya ta kan katanga, ta wanke ɗakinta har rufi. Sana'ar da ta ci da ita tun tana da ƙuruciya, a yini ɗaya ta binne ta. Iyayen amare suka yi ta sintiri, tana sallamarsu daga zaure.

Yaro ya fara yin kumatu. Amma hannunsa ya saba da kwaɓi. Wata rana ta neme shi ta rasa, sai a gidan masu taliya ta same shi, ya dunƙule ƙulli a tafinsa. Na ga yadda ta jawo shi cikin lungu, mayafinta na jan ƙasa, tana kankare masa yatsu da bakin zanenta tana kuka. Ban taɓa ganin 'Yardada ta tsorata ba sai ranar.

Ta ce tunda ƙulli yake nema, ita za ta yi masa wanda babu alkama. Ta gwada garin masara, ya tsattsage. Ta gwada na gero, ya wargaje, yaron ya watsar yana ihu shanunsa ba sa tsayuwa. Sitaci ya manne masa a hannu. Kullum ina jin muciya na bugun tukunya, ina jin tsakinta. Daga ƙarshe ta dace: garin shinkafa, garin rogo kaɗan, gishiri da yawa, man gyaɗa da ruwan lemon tsami, a tuƙa a kan wuta kamar tuwo har ya saki jikin tukunya, a murza shi da ɗuminsa. Zoɓo ya ba ta ja, gangamau rawaya, kuka kore. Nazeer ya daina leƙa gidan kowa. Shanu jajaye da koraye suka cika mata bakin taga.

Da kanta take daka shinkafar a turmi, don ɗan kaɗan take yi. Ana gab da ƙaramar Sallah kafaɗarta ta riƙe, ko taɓarya ba ta iya ɗagawa, ga ƙullin yaro ya bushe, ya fara zancen gidan masu taliya. Sai ta aika da shinkafar inji, kamar yadda kowa ke yi. To, a injin unguwa garin kowa yana fitowa ne da ragowar na wanda ya riga shi. Duk mun san haka, ba mu taɓa ɗaukarsa komai ba. A makon nan kuwa layin duk alkamar funkaso da alkubus ce. Matar da ta wanke rufin ɗaki, wannan bai faɗo mata a rai ba. Ta tuƙa ƙulli, ragowar garin ta dama masa kunu.

Ranar Sallah yaron yana kwance, idanu sun faɗa, sabon kayansa a ninke. Auwalu ya shigo gaisuwa ya tarar da su haka.

Na zaci za ta ce zazzaɓi ne. Da ni ce, wallahi da haka zan ce. Ita kuwa ta dube shi ta ce, "Baban Nazeer, inji na kai. Ni na ba shi."

Da yaron ya ji sauƙi uban ya zo ɗaukarsa. Ta bi su har bakin lungu inda mota ke jira, tana jero masa yadda ake tuƙawa, tana maimaitawa kamar mai biya karatu. "A daka. Ka ji ko? Kada a kai inji. A daka."

Nazeer ya leƙo ta taga. "Kaka, ki ba shanuna ruwa."

"To, maigida."

Na mayar mata da kaskonta, ta ce in riƙe, ai zai zo hutu. Har yau duk Juma'a ina jin daka ta bayan katanga, a hankali, da hannu ɗaya. Ta tuƙa, ta ƙulle a leda, ta aika tasha a ba direban Kaduna. Ban sani ba ko yana isa. Ita ma ba ta sani ba.