Jeren Inna a Biron Baba

Ranar Lahadi ce a watan Mayu na 1975, ana saura 'yan kwanaki bikin ƙasa. Zafin Garwa na wannan wata sai wanda ya sha shi, tun hantsi ƙasa take cizon tafin ƙafa. Inna na gaba da gyalenta mai ruwan goro da tsintsiya biyu a hammata, ni kuma ina biye da bokiti a ka, da tsumma da sabulu a ciki. Shekarata tara. Muka bar unguwar Hausawa muka gangara bakin kogi, inda kamfanin da Baba yake wa aiki yake. A hanya muka haɗu da matan sauran ma'aikata, kowacce da kayan shararta, ana ta gaisawa da Fillanci da Hausa, ana shewa kamar gidan biki za a je. Shef, shugaban kamfanin, shi ne ya ce a wanke kowane biro, wato ofis, kafin ranar fareti, iyalai su taimaka. Baba ba ya nan, ya fita tun da asuba, ya ce kasuwar Pitowa za shi. Ban taɓa ganin Inna cikin ɗoki irin na ranar ba, shi ya sa har yau in na tuna tafiyar nan sai zuciyata ta karye.

Baba, Malam Sani, komi ne, wato akawu. Kamfanin na jigilar auduga da gyaɗa ne, shi kuma aikinsa ajiyar takardu a wani ɗan ɗaki mai taga guda. A gidansu shi kaɗai ya yi lekol, wato makarantar boko. 'Yan'uwansa duk 'yan kasuwa ne, jikokin fataken da suka zo daga Kano da goro da tufafi suka zauna, kuma suna yi masa ba'a wai ya bar awon yadi ya koma gadin takarda. Abin da ba wanda ya sani a lokacin, har Inna, shi ne idon Baba yana tafiya. Ya daɗe yana tafiya, a hankali, kamar yadda kogin Binuwai yake janyewa bayan damina. Komi kuwa ba ido ba aiki. A kan aikin nan cinmu yake, da karatun yayana a lise, wato sakandare, da nawa, da kuma mutuncin da Baba yake ɗauka ya shiga cikin 'yan'uwansa. Burinsa ya lallaɓa har yayana ya gama. Sai ya haɗiye abinsa, dama yakan ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Ni ce mai kai masa abincin rana. Da an tashe mu daga lekol sai in ruga gida, in tuɓe riga, in ɗebo ruwa a famfon unguwa in cika randa, sannan Inna ta ɗora mini kwano. Sauran ma'aikata gida suke komawa su ci su huta, shi ko ya ce ba ya son yawo cikin rana. Ina son ɗakin nan. Yana da sanyi da warin tsohuwar takarda, ga kantoci na katako sun zagaye teburinsa ta gefe uku. A kansu manyan fayilolin nan ne masu ƙugiyar ƙarfe a ciki, waɗanda ma'aikata suke kira kilasa. Duk a tsaye suke, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallah, ba ko ɗaya a kwance. A ƙarshen kowane layi ya sa dutsen kogi mai sulɓi ya tokare su don kada su zube. Kantocin sama kuwa fayau suke, ba komai sai yanar gizo, domin Baba ba ya ajiye abin da hannunsa ba zai kai ba daga inda yake zaune. Yakan ce, "Takarda in ta kwanta ta mutu, sai an tono ta."

Akwai kuma zare. A bayan kowace kilasa akwai ɗan rami da ake sa yatsa a jawo ta, a nan Baba ya ɗaura wa kowacce alamarta. Wata zaren saƙa mai ƙulli ɗaya, wata mai ƙulli uku, wata guntun fata, wata igiyar rama, wata har da ƙwallon dabino da aka huda. Duk sun yi baƙi saboda shafar hannu. In masinja ya leƙo ya ce ana son dosiyen wane, wato takardunsa, Baba ba ya ko ɗaga kai. Hannunsa ne zai tafi, ya bi layi yana shafawa, ya zaro, ya miƙa. Ni ina zaune a ƙasa ina carafke da tsakuwa, ina ɗauka gwaninta ce kawai, har ina cika baki a filin lekol cewa ubana ido rufe yake aiki. Yarinta ke nan, na faɗi gaskiya ban san na faɗa ba. In sabuwar takarda ta zo, sai ya tambayi masinja, "Wannan ta wa ce?" kamar mai yi masa jarrabawa. In kuma karatu ya zama dole, sai ya tura ƙofa, ya je bakin taga, ya manna takardar a hancinsa.

Ita kuwa Inna, duk unguwarmu an san ta da jere. Ɗakinta in ka shiga sai ka tsaya. Kwalla a ƙasa, fanteka a kanta, tasoshi suna ƙanƙancewa har su kusa taɓa rufi, ja da ja, shuɗi da shuɗi, fure yana kallon ƙofa. Duk amaryar da za a kai a layinmu sai an aiko a ɗauke ta, ita za ta tsaya ta ce a sauke wannan a ɗora wancan. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, ba ta kuma damu ba. "Ido ba mudu ba, ya san kima," in ji ta. Sau da yawa takan tambaye ni yadda biron Baba yake, ni kuma da bakina mai kaifi na ba ta labarin duwatsu da tsummokaran zare da yanar gizo. Sai ta riƙe haɓa ta yi salati.

Da maganar wanke biro ta zo, Baba ya ce mata, "Nawa a bar shi, ni zan gyara abina." Ya faɗa a taƙaice, yana alwala. Inna ta ɗauka kawaicinsa ne na kullum, na mutumin da ba ya son ɗora wa kowa wahala. Wai matar direba ta je, matar masinja ta je, a ce ɗakin mijin gwanar jere ne kaɗai ya kwana da datti? Wannan ba a gabanta ba. Da muka isa ranar Lahadin, mai gadi ya ɗan yi gardama, ya ce Malam ya hana. Ta ce masa, "Haba Baffa, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba." Ya yi dariya ya buɗe mata.

Wallahi ta yi aiki. Ta sauke kilasoshin nan kaf, ta goge kowacce ciki da waje. Ta sa reza ta yanke zaren nan ɗaya bayan ɗaya tana tsaki, tana cewa maza dai ba su san ƙazanta ba. Duwatsun aka fitar aka zubar a gindin dalbejiya. Ta hau tebur ta share kantocin sama, ta wanke ƙasa har sau biyu. Sannan ta ja da baya, ta ƙanƙance ido, ta fara jere. Baƙaƙe wuri guda, koraye wuri guda, masu ruwan toka wuri guda. Ta kwantar da su, manya a ƙasa, sirara a sama, kowane tsibi ya tashi da kyau kamar na amarya. Sababbi masu sheƙi ta kai su can sama inda duk wanda ya shigo zai fara gani, tsofaffi masu yagaggen baya ta ɓoye su a lungu bayan ƙofa, alhali su ne waɗanda ake nema kullum. Matan suka taru a bakin ƙofa suna yabawa, wata har da guɗa. A hanyar gida ta ce kada in gaya masa, tana so ya gani da idonsa.

Baba ya dawo da magariba da ɗan ƙulli a aljihu. Daga baya muka san ba ciniki ya kai shi Pitowa ba, wurin wani mai maganin ido ya je.

Washegari da rana na iso da kwano a ka, ƙafafuna duk ƙura saboda atisayen fareti da muka wuni muna yi. Tun daga baranda na ga abin da ban saba gani ba: ƙofar Baba a buɗe, mutane a tsaye. Akwai direban babbar mota da zai tafi Ngawundere yana jiran takardunsa tun safe, akwai masinja, akwai shef, Musye Daniyel, wani dogon mutum daga kudu da ba ya ɗaga murya. Baba yana tsaye a tsakiyar ɗaki, hularsa ta karkace, gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Hannunsa na bin kanta yana neman zare, yana komawa, yana sake bi. Ya taɓa wani tsibi, tsibin ya zube a ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauki guda, ya miƙa. Shef ya duba ya ce ba ita ba ce, ya ce ai ga sunan a rubuce a bayan kowacce, ya karanta mana. Baba ya ɗaga kilasar, kuma a juye ya riƙe ta, ni da nake aji uku na ga haka. Ya kawo ta kusa da fuskarsa, ya ƙara matsowa da ita har ta taɓa hancinsa.

Musye Daniyel ya sallami direba da masinja. Ni bai kore ni ba, ina jin bai ma gan ni ba. Ya karɓi kilasar a hankali ya ajiye, ya ce da 'yar Hausarsa ta kasuwa, "Malam Sani, tun yaushe?" Baba ya ce, "An jima, Musye." Ya laluba kujerarsa ya zauna. A ranar na fara ganin ubana ya tsufa.

Da muka koma gida Inna na bakin ƙofar ɗaki, ta yi wanka ta sa kwalli, tana jiran yabo. Ta ce, "Malam, ka ga biro?" Na zuba masa ido. Ya cire takalmi, ya ce, "An gyara. Allah ya yi miki albarka." Bai ƙara ko kalma ba, a ranar ko bayanta. Amma magana ba ta kwana a bakin kogi. Washegari kafin la'asar matar direba ta shigo jaje, daga bakinta Inna ta ji komai. Tana tankaɗe ne a lokacin. Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira magariba.

Shef ya yi iya ƙoƙarinsa, ba zan ci amanarsa ba. Ya kai Baba wurin likita da motarsa. Likita ya ce ƙudajen bakin rafi ne da suka cije shi tun yana saurayi, lokacin da ya yi aiki a wajen Tinyer, kuma abin ya wuce magani. Kafin damina ta yi nisa aka sallame shi da takardar godiya da ba zai iya karantawa ba. Yayana ya bar lise ya shiga rumfar baffanmu yana awon yadi. Ni aka bar ni na ƙarasa, da kuɗin ƙosai da Inna ta fara toyawa a ƙofar gida. Baba ya koma zaman zaure, yana jan carbi, yana sauraron rediyo, yara suna kai shi masallaci. 'Yan'uwansa suka daina ba'ar gadin takarda, kuma ina jin shirun nasu ya fi masa ciwo. Inna ba ta sake zuwa jeren kowa ba. In an aiko sai ta ce bayanta na ciwo. A gidanmu kuma ta kafa doka mai tsanani: buta, tabarma, kujera, takalmi, ba abin da yake barin inda Baba ya san shi. Na sha mari a kan tsintsiyar da na yar a hanya.

Sun rayu a haka shekaru masu yawa, yana kiranta, tana amsawa, ba wanda ya taɓa ta da zancen Lahadin nan. Ni na girma da tunanin cewa aikin da ya rasa ne yake cin ta. Sai bayan rasuwarsa, da ta tsufa ta dawo wurina, wata rana ina yi mata tsifa, na yi ƙarfin hali na ce mata ta daina ɗora wa kanta, ai ko ba jerenta asirin zai tonu. Can ta ce, "Ke yarinya ce har yanzu. Ba aikin nake wa kuka ba. Ɗaki ɗaya muke kwana da mutumin nan, ina zuba masa ruwa, ina miƙa masa hula, duhu yana rufe shi, bai ga na isa ya gaya mini ba. Da ya ce uffan, ai da ni ce idonsa."

Yanzu bakin kogin ya yi tsit, kamfanin ma babu shi. 'Yata tana aiki a wani ofishi a nan Garwa, ta ce duk takardunsu a cikin na'ura suke, wadda har karanta wa mutum take yi da murya in idonsa ya gaza. Ana raba maganin ciwon nan ƙauye-ƙauye, jikokina ba su ma san sunansa ba. Ina murna da wannan, Allah ya sani. Amma ina duba gidajenmu, ina ganin maza suna fita da murmushi da ciwonsu a ƙunshe, mata suna ta hidima a kan abin da ba a gaya musu ba. Baba ya rufa mana asiri ne don yana son mu, Inna ta shiga ɗakin nan da tsintsiya don tana son sa. Kalma ɗaya ce ta yi musu wuya.