Gamsheƙa a Rumbun Littattafan Baba

Mata suna ta shigowa yi mini jaje, kuma kowace ta zauna sai ta tambaya me ya kai mai jego cikin rumbu har ta gamu da maciji. Da hatsi na shiga ɗebowa, da sun gane. Littafi na shiga nema. Da na faɗi haka sai su dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ɗauko ragowar takardar Baba nake rubutawa. Takarda dai ba ta yankewa a gidan nan. Gero ne yakan yanke.

Gidanmu yana kusa da Gezawa, inda gona take manne da gona, ba inda za ka jefa tsinke bai faɗa a kunyar gonar wani ba. Kowa a nan ya san aikin jakinsa da rani: ya kai itace Birni, ya dawo da mangala cike da taki. Namu jakin malami ne. Yana tafiya da itace kamar na kowa, ya dawo da gafakar littafi a rataye dama da hagu, taki kuwa sai wanda shi da kansa ya ga damar yi a hanya. Dawar maƙwabta tana fin tamu tsawo kowace damina. Baba ya ce ƙasarmu ce jigawa.

Baba ya yi karatu, ba zan rage masa ba. Kakansa daga Barno ya zo, gidan alƙalami ne tun asali. Ya sauke Alƙur'ani, ya bi littattafan fikihu da kowane malami yake bi, shi ya koyar da ni har na taɓa nahawu. Ciwon tara littafi ya kama shi ne ranar da ya gane akwai malaman da suka yi littafi, suka mutu, aka binne su, shi bai ko ji sunansu ba. Wani zai ji haka ya ce Allah ya jiƙansu. Baba ya ɗauka an ɓoye masa ne da gangan. Tun daga nan duk baƙon da ya sauka a zaurenmu, mai tafiya hajji daga yamma ne ko mai dawowa, kafin a kai masa ruwa Baba ya gama kallon jakarsa. Sai tambaya: wa ka karanta, wa malaminka ya karanta. In sunan baƙo ne a kunnensa, zakara ya shiga uku. A yanka, a roƙi mutumin ya ƙara kwana, a raba warƙoƙin littafinsa gida biyu tunda ba a ɗinke suke ba, ni da Baba mu duƙufa juyawa kafin ayari ya tashi.

Ni ce mai kyan hannu, don haka kasona ya fi yawa. Kada wani ya zaci na zama malama da wannan. Mai juyi cikin gaggawa kalma yake gani, ba ya jin magana. Na juya littattafan da in ka tsare ni da wuƙa ba zan iya gaya maka ko a kan gado suke magana ko a kan taurari ba. Da an gama, Baba ya shafa takardar, ya sunsuna tawadar, ya ɗaure gafaka, ya ce bayan girbi zai zauna masa. Bayan girbi akwai sussuka. Bayan sussuka akwai wani baƙon.

Ɗakinsa ya cika, gara ta fara yi masa karatun da shi bai samu sarari ba. Sai ya ɗaga ido ya ga babban rumbunmu na laka, wanda ke kan duwatsu, gara ba ta hawa, laima ba ta kaiwa. Aka kwashe hatsi aka mai da shi rumbun kara, littattafai suka tare. Inna ta yi faɗa har ta gaji, daga baya ta rama ta hanyarta: ta riƙa ɓoye gyaɗarta ta ƙuli-ƙuli a ciki, a bayan gafakoki, tunda ta san wuri ne da mai gidan ba ya taɓawa. Ɓeraye suka ji ƙanshin gyaɗa suka zo, suka tarar da takarda kyauta. Abin da ke bin ɓera kuwa ba wanda ya tuna da shi.

Akwai dokar da na tashi da ita tun kafin in san hannun damana. Ba a taka rubutu, ba a tsallake shi, ba a ɗora ƙaramin ilimi a kan babba. Tafsiri a sama, hadisi a ƙarƙashinsa, sannan fikihu, su nahawu da waƙoƙi can ƙasa. A ɗakin Baba haka suke a jere. A rumbu kuwa, tunda sai ka san abin da ke cikin littafi za ka san matsayinsa, an jera su ne yadda ake jera mutane a bakin rijiya, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba.

Na zo gida haihuwar fari, na gama wankan jego, ina ɗan hutawa kafin in koma ɗakina. Ran nan da hantsi wani malami daga wajen Katsina yana zaure, ya ambaci wani marubuci na ƙasashen yamma, ya ce littafinsa ya yi wuyar samu. Baba ya shigo cikin gida fuskarsa tana walƙiya, ya ce yana da shi, yana ji a jikinsa yana da shi, a wata jar gafaka mai baƙar igiya. Bakin rumbun a sama yake, kuma ƙarami ne. Cikin Baba ya daɗe da daina wucewa ta nan. A gidan kuma ba wanda ya haɗa ƙanƙantar jiki da iya karatu sai ni. Inna ta ce mai ɗanyen jiki ce. Baba ya ce ai ba noma za ta yi ba. Na miƙa wa Inna jaririn, na hau tsani.

A ciki akwai wani kututture da ake takawa a sauka, a kuma taka a fito. Na sauka a kansa, na dira ƙasa, na ratsa ta ɗan siririn lungun da aka bari zuwa ɗaya gefen. Duhu-duhu ne, sai hasken da ke zubowa daga sama, ga warin fata da fitsarin ɓera. Jajayen gafakoki masu baƙar igiya kuwa, Allah ya yi yawa da su. Na ɗaga ta farko, na ɗaga ta biyu, sai na ji huci a bayana.

Ta fito ne daga bayan buhun gyaɗar Inna, daidai gindin kututturen. Baƙa wuluk, ta miƙe ta fasa kai, tsayinta ya kai gwiwata. Kowane ɗan ƙauye ya san gamsheƙa ido take nema, daga nesa take tsarta dafi. Na ja kallabina na rufe fuska, na ƙame. 

Baba yana kan tsani a waje, kansa a bakin rumbu. Na gaya masa a hankali, da muryar da ban san ina da ita ba. Na ji ya yi salati. Na ce masa kututture ya haramta gare ni, amma tsibin littattafan da ke bayana ya kai ƙuguna, in na hau kansa zai iya kamo hannuna.

Ya yi gyaran murya. Na san shi, irin wanda yake yi ne in an kawo masa tambayar gado.

"Wane tsibin?" ya ce.

Na ce na jikin bangon gabas.

"Duba ta sama ki gani. In nahawu ne ki taka."

"Baba, ba zan iya buɗe ido ba."

Sai na ji yana magana shi kaɗai, yana lissafa baƙi. Na mutumin Agadas nan aka sa shi ko can? Akwai wani rabin tafsiri da aka karɓo bara waccan, yana jin gabas aka ajiye shi, ko kuwa yamma ne. Mutumin da ya tara abin nan da guminsa da takin gonarsa, ga 'yarsa tsaye gaban maciji, ya kasa gaya mata ko guda ɗaya mene ne a ciki. Daga ƙarshe ya ce kada in motsa, yanzu zai dawo. Na ji tsani yana ƙara, na ji takunsa ya nufi zaure. Daga baya ya ce igiya da sanda ya tafi ɗaukowa, tambayar hukuncin taka littafi da ya yi wa baƙon a kan hanya ce kawai. Zaure dai ba a kan hanyar turken jaki yake ba, kowa ya zo ya duba.

Ban san iya lokacin da na yi ni kaɗai da ita ba. Ina jin jan cikinta a kan fatar gafaka, ta matsa, ta tsaya. Jaririn ya fara kuka a tsakar gida, nono ya zubo mini ya jiƙa zanena, na riƙa tunanin ko tana jin ƙanshinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne wannan: tsibin yana taɓa bayan ƙafata, ba mai gadina, amma ban ɗaga ƙafar ba. Izini nake jira. An koya mini da kyau.

Tsani ya sake ƙara, da nauyin da ba na Baba ba. Sai na ji an kira sunana. Ni ce 'yar fari, tunda aka haife ni Inna ba ta taɓa faɗar sunan nan ba, "ke" take ce mini ko "waccan". Shi ya sa da farko ban gane muryar ba.

"Hau ki miƙo hannu," ta ce.

Na fara cewa Baba ya ce a jira.

"Ba shi ya yi naƙudarki ba. Hau."

Na taka. Wanda bai taɓa hawa tsibin littafi ba, kada ya fara. Warƙoƙi ne a sake cikin fata mai santsi, suna zamewa kamar an taka kifi. Na yi sama da hannu ina lalube, ban sami na Inna ba, tsibin yana gocewa a ƙarƙashina. Dole na janye kallabin don in ga inda take. A cikin janyewar nan na ɗan waiga, ban san dalili ba, sai na ji kamar an watsa mini ruwan barkono mai tafasa a idon hagu. Inna ta cafki wuyan hannuna ta ja. Yadda matar nan ta fito da ni ta wannan ƙaramin baki, Allah kaɗai ya sani. Fatar kafaɗuna tana can ta zama wakafi a bakin rumbu. Muka gangaro tare, tsani ya biyo mu.

Ba a sami madarar shanu a kusa ba. Inna ta kwantar da ni, ta tatsi nonona a ludayi ta riƙa zuba mini a idon, tana zubawa tana zagin gyaɗa, tana zagin takarda, tana zagin mutanen yamma da na gabas da duk wanda ya taɓa fiƙe alƙalami. Muna cikin haka Baba ya iso da igiya a hannu ɗaya, da amsa a baki: baƙon ya ce lalura ce, ya halatta a taka.  Ya tsaya a kaina, ya dubi idon, ya kau da kai. Wannan ma ba zan rage masa ba. Har yau bai iya duban fuskata sosai ba.

Maƙwabta suka taru da sanduna. Suka ce a tura hayaƙi ta fito, Baba ya ce hayaƙi yana ɓata takarda, wani dattijo ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Duk da haka ba a sa wutar ba, gindin rumbun aka fasa, ta fito aka kashe ta. Aka kwaso littattafan aka baza a tsakar gida, rabi ɓera ya yi musu ado. Na marubucin yamman da aka aike ni nema ba ya ciki. Wataƙila a wani zauren Baba ya ji sunansa.

Gafakar da sawuna ya fito a kanta, da ƙura da jini, ita Baba ya ɗauke ya kai ɗakinsa. Yana so ya san abin da na taka. Ga shi nan kullum bayan azahar a zaune da ita, karo na farko da wani abu daga rumbun nan ya sami mai karanta shi. Inna ta ce ya gaya mata na lissafin taurari ne, rubutun hannuna, kuma malamin mai zurfi ne ƙwarai, har ya ambaci wani malaminsa da Baba bai taɓa ji ba. Shekaranjiya ya aiko ta ta tambaye ni ko idon dama lafiya yake. Na ce ta ce masa lafiya lau. Ban tambayi dalilin tambayar ba, ina so in bar shi a kan uba ne yake tambayar 'yarsa.

Kumburin ya saɓe, ruwan ya rage zuba. Tsohuwar da ke sa mini magani ta ce a jira sabon wata, wasu yakan washe, wasu yakan tsaya a nan. In na rufe na dama na dubi takarda, baƙi ba sa rabuwa, sai ka ce tururuwa a cikin kunu. Na daina gwadawa da takarda. Da safe in na gama ba yaron nono, sai in sa tafin hannu in rufe na dama, in dube shi da na hagun. Da farko wani dunƙule ne kawai mai motsi. Jiya ya yi hamma, na ga inda bakin yake.