Wa Ne Na Ƙarshe a Layi?

Shekara goma sha ɗaya Migdalia tana ba da hayar ɗakin gaba na gidanta a garin Camagüey na ƙasar Kyuba ga baƙi masu yawon buɗe ido, amma ba ta taɓa samun damar yi wa baƙo bayanin gari da bakinta ba. Mijinta Evaristo ya ƙwace wannan aikin. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mutum mai son a saurare shi. Da ya yi ritaya ya rasa fasinjojin da zai riƙa yi wa faɗa, sai Allah ya kawo masa Turawa har gida.

Baƙo bai gama share gumi ba Evaristo zai zaunar da shi a kujerar lilo ya fara karatu. Kada ka sha ruwan famfo sai an tafasa. Kada ka dogara da katin banki, ka riƙe kuɗi a hannu. Ka sa takardar bayi a aljihu duk inda za ka. Maganin da ka zo da shi, in ya yi saura, ka bar mana. Migdalia tana gefe tana fassarawa da ɗan Turancin da ta tsinta, tana zubar da rabi.

"Tsoho, ka bar baƙo ya sha gahawarsa mana," takan ce.

"Gahawa ba gudu za ta yi ba. Saura babban darasi."

Babban darasin shi ne layi.

"A Kyuba ba ma jeruwa kamar awaki," yakan ce. "In ka iso ka tarar da mutane a warwatse, wani a inuwa, wani a bakin titi, sai ka ɗaga murya ka ce, wa ne na ƙarshe? Wanda ya amsa shi ne naka. Ka dubi fuskarsa da kyau, ka riƙe ta. Duk inda ya shiga kana bayansa. In ka bari ya ɓace maka, ka tashi a banza."

Daga nan sai ya nuna matarsa da haɓa. "A layin askirim na samo wannan. Na tambaya, ta ce ita ce. Shekara arba'in da uku ke nan ban bari ta ɓace mini ba."

"Kada ka biye masa," Migdalia za ta ce wa baƙon. "Askirim ɗin ƙarewa ya yi kafin a zo kansa. Nawa ya shanye, ko kunya babu."

Ciwon Evaristo ya shigo ne a hankali. Ranar nan ta tsinci makullin gida a cikin firiji. Wata rana ya gaya wa wani baƙo zancen ruwan famfo sau uku a zama ɗaya. Daga baya ya fara shiri da sassafe wai jirgin ƙarfe bakwai zai iso babu kowa a tasha. Likitar unguwa ta faɗa wa Migdalia gaskiya, cewa mantuwar tsufa ce, kuma gaba take yi, ba ta komawa baya. Migdalia ta cire alamar haya daga ƙofa, ta rufe ɗakin baƙi.

Makulli bai dame ta ba, jirgi ma haka. Abu ɗaya take tsoro, ranar da zai dube ta bai san ta ba. Kullum da safe takan miƙa masa gahawa ta tsaya a kansa. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, ya ce, "Migda, sukarin nan ya yi kaɗan." In sunan ya fito, to ta ci ranar.

Wata Alhamis maƙwabciyarta Nereida ta leƙo ta taga ta ce magani ya iso kemis. Migdalia ta yi mako shida tana jiran na hawan jininsa. Ba ta iya barinsa shi kaɗai, domin lungunan garin nan ko mai cikakken hankali suna juya masa kai. Ta sa rigarta mai furanni, ta kama hannunsa suka tafi. Ta zaunar da shi a inuwar katanga, ta nemi na ƙarshe, wani mai shuɗiyar hula ya amsa, ta koma kusa da Nereida suna hira.

Sai Evaristo ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, ya tako tsakiyar jama'a ya ɗaga muryarsa ta tasha.

"Wa ne na ƙarshe?"

Babu wanda ya zo bayan Migdalia, saboda haka mutane suka juya suka dube ta. Ya bi idonsu har kanta. Ya matso cikin ladabi, ya ɗan taɓa hularsa.

"Baiwar Allah, ke ce?"

Nereida ta kwashe da dariya. "Kai dai Evaristo ba ka girma. Da furfurarka kake zawarci a layin magani?"

Migdalia ba ta yi dariya ba. Ta san mutumin nan in yana tsokana girarsa ta hagu takan ɗaga. Girar tana nan a kwance. Ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka a gaban kowa.

"Ni ce," ta ce.

Ya ƙare mata kallo, a nutse, kamar yadda yake koya wa baƙi. "Riga mai furanni, farin gashi. To, na riƙe ki."

Awa biyu suka yi a wurin, idonsa bai bar kanta ba. Da wata mata ta zo ta tambaya, ya amsa da sauri, "Ni ne, ina bayan mai furanni." Saura mutum huɗu a zo kansu aka ce magani ya ƙare. Migdalia ta juya ta nufi gida, shi kuwa ya biyo ta, taku uku a baya, lungu bayan lungu, har ƙofa.

"Me ake bayarwa a nan?" ya tambaya.

"Gahawa."

Ya zauna a kujerar baƙi, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ta kawo masa, ta tsaya a kansa. Ya kurɓa, ya ɓata fuska.

"Sukarin nan ya yi kaɗan."

Ta jira sunan.

"Matata ma haka take yi," ya ce. Ya ajiye kofin ya dubi ƙofa. "Tana can tana nemana, ba ta son in daɗe. Don Allah ki riƙe mini wurina, in je in gaya mata."

"Na riƙe maka," in ji Migdalia. "Amma ka zauna tukuna, an kusa zuwa kanka."

Ya koma ya zauna, domin shi mutum ne mai bin ƙa'ida. Ita kuwa ta shiga kicin ta buɗe famfo don kada ya ji kukanta.

Sunan bai sake fitowa ba. Evaristo bai san gidansa ba yanzu, bai san titi ba, amma ya san yana bayan mai furanni, kuma duk inda ta sa ƙafa yana biye. Shi ya sa in ya kwanta baccin rana Migdalia take cire rigar ta wanke, ta shanya a tsakar gida, ta mayar da ita ko da ɗan danshi kafin ya farka. Furannin sun fara koɗewa, kuma ta zaga shagunan garin ba ta sami irin yadin ba.