Golmo a Gonar Rabaran

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba, wata Asabar a farkon damina, a shekarar da na kama aikin sakataren ikilisiya a Zuru bayan na kammala jami'a.

A lokacin ana tsakiyar gyara a ɗarikarmu. Hedikwata ta haramta wa kowane fasto tara 'yan ikilisiya su yi masa gayya a gona; iyalinsa kaɗai aka yarje wa. Wanda ya saɓa, za a dakatar da shi daga mimbari. Shugabanmu, Rabaran Ishaya, yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka har dokar ta tabbata. Ya ma zarce ta, domin ya yi wa'azi a kan golmo, wato noman da saurayi da abokansa suke yi wa mahaifin yarinyar da yake nema, kamar yadda aka gada a ƙasar Zuru. Ya ce ba za a yi wa 'yarsa Rifkatu ba. Dama akwai wani Kofur Danladi da Rifkatu take so, amma Rabaran ya ƙi ba shi amsa tun ranar da Kofur ɗin ya yi minshari ana tsakar wa'azi.

A ka'ida, hedikwata takan aiko wakili ya ga yadda ake bin doka. Wanda aka aiko mana dattijo ne daga wata jiha, mai ƙarancin murmushi. Rabaran da kansa ya nemi a je gonarsa ta hanyar Dabai.

"Ranka ya daɗe, ciyawa za ka gani har gwiwa," in ji shi a mota. "Ita ce shaidata."

Tun kafin mu isa muka jiyo kiɗa. Da muka sauka, sai ga samari cike da gonar, kowa da garma, suna huɗa. Na san su duka. Rabinsu mawaƙan coci ne. Matar Rabaran, wadda muke kira Mama, tana gindin ɗorawa tana rabon kunu.

Wakili ya dubi Rabaran. "Ina ciyawar?"

Rabaran ya daka musu tsawa su tsaya. Kofur Danladi ya fito daga cikin layi, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, ba gayya ba ce. Golmo ne."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ni ce," in ji Mama, ba ta ko ajiye ludayi ba. "Baban Rifkatu, kai shekara bakwai ka yi a gonar babana, kana kukan ciwon baya. Tawa 'yar ce za a ɗauka hannu bai yi kanta ba?"

Wakili ya nemi in fassara masa kalmar golmo. Na bayyana cewa ba Hausa ba ce, kuma ba ta da takwara daidai a Hausa. Na fara kawo kalmomin da suka kusance ta, ya ɗaga mini hannu.

"Rabaran, tambaya ɗaya ce. In wannan saurayi ɗan ikilisiya ne kawai, dole in kai rahoton dakatarwa. In surukinka ne, iyali ne, babu laifi. Wanne ne?"

Rabaran ya dubi Kofur, ya dubi Mama, sannan ya daɗe yana duban kunyoyin da aka tayar, miƙaƙƙu kamar an ja su da igiya.

"Yana barci a coci," ya ce a hankali.

"Ba ita na tambaya ba."

"To. Surukina ne."

Mama ta rangaɗa guɗa.

"Sauran fa?" in ji wakili.

"Abokan ango ne," samarin suka amsa baki ɗaya, kamar sun yi bita.

Kofur ya tambaya cikin ladabi ko su tattara garemani su tafi, tunda Baba ya yi wa'azi a kan abin. Rabaran ya dafa ƙugunsa.

"Kunya dai na riga na sha ta, ɗana. Waɗannan kunyoyin kuwa, ku kai mini su ƙarshe."

Rabaran bai rasa mimbarinsa ba, an kuma ɗaura auren bayan girbi. Bai sake ambaton golmo a wa'azi ba, Kofur kuma ya koma zama a bencin baya, bayan ginshiƙi.

Abin da na koya, ku da kuka shigo wannan aiki a bayana, shi ne wannan: hedikwata ke tsara gyara, fasto ke shelarsa, amma kafin ku tabbatar wa wakili cewa doka ta zauna, ku fara zuwa ku gaida Mama.