Igiyar Doña Herminia Mai Ƙulli Bakwai

Kullum da safe, da ta kurɓi kofi, Doña Herminia Cota sai ta tura ƙaramin jirginta cikin teku. Ta zura igiya mai ƙulli bakwai da ma'aunin zafi ɗaure a ƙarshenta, ta rubuta sanyin ruwa a kowane ƙulli. Shekara ashirin da shida tana haka. Da wannan igiyar take sanin inda kubana za su taru, kifayen nan masu fukafukai da doka ta hana kamawa.

Ɓarayin teku ba su daina ba, jirgin sintiri kuwa man fita ɗaya yake samu a mako. In ya nufi inda ba nan ba, sai a kwashe garke guda. Ita ce ke nuna masa inda zai nufa.

Da me muka saka mata? Muka ce 'yar rahoto ce. Aka ɗura wa injin jirginta yashi, ta yi wata takwas tana tuƙi da filafili, tafukanta duk suka yi kanta. Nabor, wanda ya riƙe ɗanta ranar baftisma, abin da ya sa suke kiran juna compadre da comadre, ya tare ta a bakin ruwa.

"Comadre, kifi ne zai ɗauki gawarki?"

"Kai dai kar ka ɗauka, compadre. Warin ragarka ya ishe ni tun ina da rai."

Masana suka zo daga birni, suka kwashi littattafanta, suka haɗa taswirar kwamfuta mai hasashen inda kubana za su sauka. Sunaye shida ke jikin taswirar. Babu nata.

A watan Mayun bara taswirar ta nuna arewa. Doña Herminia ta tsaya gaban jirgin sintiri, ruwa har gwiwa.

"Kudu za ku. Tun shekaranjiya sanyi ya hau ƙulli na huɗu."

"Doña, na'ura ce fa ta faɗa," in ji injiniyan da ya zo da taswirar.

"Injiniya, ni na shayar da na'urar taka. Yaushe rabonta da jiƙa ƙafa?"

Kyaftin Efraín na jirgin sintiri ya juya kudu. Suka tarar da raga uku shaƙe da kubana, yawancinsu da ciki, kuma ɗa guda kowace ke haifa. Har la'asar suna yanka raga. Mutanen Efraín sun ƙirga ɗari da arba'in da suka tafi da ransu. A rahoto aka rubuta: nasarar fasaha.

Ke ce fasahar, Doña. Ke ce kika haɗiye zagin maƙwabta, kika wayi gari kika koma ruwa. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara, ba ta kuma kai ba.

Yanzu gwiwa ta zaunar da ita. Rabon taswirar da sabon awo wata uku ke nan, ɓarayin kuma sun sani. Ku masu sunaye shida, ku ƙara na bakwai. Mu kuma 'yan garin nan, igiyar tana rataye a ƙofar gidanta, ta bushe ƙayau. Mayu, watan taruwar kubana, saura mako biyar.