Gwaggo Tabawa a Gidan Hayar Alƙahira

Duk wanda ya san Gwaggo Tabawa ta Ƙafin Maiyaki ya san ba ta shan ruwa a gidan da ba ta gaida mai shi ba. Za ta riƙe kofin a hannu tana tambayar ina maigidan, in an ce ya tafi gona ta ajiye ta jira. A ƙauyen Ba'awa an taɓa ganin ta ta bi wani tsoho har cikin dawarsa ta gaishe shi, sannan ta dawo ta ci tuwon da ya riga ya huce. Mu a gida abin dariya muka ɗauke shi, har sai da na raka ta Misra na sha kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Yayar mahaifina ce. Da gwiwarta ta ƙi, likita ya ce sai aiki, 'yan'uwa suka yanke a kai ta Alƙahira, aka ɗora mini rakiya wai ni ne mai jin Larabci. Maimakon otal, na kama mana gida ta manhajar waya, irin waɗanda ake bayarwa na 'yan makonni da kayansu a ciki: ɗaki biyu, kicin da baranda, can saman bene. Mai gidan, wani Mahmud, ya turo dokokinsa, na karanta mata tun a jirgi: banda hayaniya, banda girki mai wari, banda shanya a baranda. Ta ce ta ji. Daga baya na gane nufinta kunnenta lafiya lau yake.

Muna isa na danna lambobin da aka turo mini a wani ɗan akwati da ke jikin ƙofa, na ciro makulli, na buɗe. Ina juyowa na ga Gwaggo ta zauna a kan jakarta a tsakiyar hanya. Na yi mata bayani cewa maigidan wata unguwar yake, haka tsarin yake, ba sai an haɗu ba.

"Habibu," ta ce, "mutum ba ya nan, ka buɗe masa akwati, ka ɗauki makullinsa. To mene ne bambancinmu da ɓarayi?"

Maƙwabta suna wucewa suna tsallake ƙafarta. Dole na kira Mahmud ta bidiyo, yana tsakiyar aiki a ofis. Ta karɓi wayar ta shiga gaisuwa da Hausa: ya iyali, ya gajiya, ya damina, masara ta yi kuwa bana? Bawan Allah ya tambaye ni ko wani abu ne ya lalace a gidan. Na ce a'a, gonarsa take tambaya. Ya ce ba shi da gona. Da na fassara mata sai ta girgiza kai cikin tausayi ta ce, "Allah sarki. Shi ya sa yake ba da gidansa haya." Sannan ta yi bisimilla ta shiga.

Tun a gida na roƙe ta kada ta taho da kayan miya, ashe ta naɗe busasshen kifin Tiga da daddawa da lalo a cikin zannuwanta. Wata rana na dawo daga asibiti da sakamakon gwaji, tun daga ƙasan bene warin ya tare ni. Mai gadi ya toshe hanci da hularsa yana nuna mini sama. Na tarar da mutane a ƙofarmu suna ta magana da hannu, Gwaggo kuma a tsaye da ludayi tana murmushi, ta ɗauka ƙamshi ne ya kira su. Kafin in gama ba su haƙuri ta fito da kwanukan mai gidan cike da miya tana miƙa wa kowa, tana ce mini in gaya musu su dawo da kwano. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Injin wanki ma ta ƙi shi, wai abin da ba shi da hannu ba ya fitar da dauɗa. Ta yi wankinta a baho ta baza a baranda. Iska ta ɗauki fatarinta ta sauke shi a barandar ƙasa, daidai kan teburin wani dattijo mai shan shayi. Ni aka aika karɓowa. Larabcina na littafi ne, babu sunan fatari a cikinsa, sai na tsaya ina cewa, "Ya shugabana, wani abu na 'yar'uwar mahaifina ya sauka gare ka." A kan bakin sandarsa ya miƙo mini shi.

A ranar ne Mahmud ya aiko cewa ƙorafi ya yi yawa, gobe yana tafe, kuma mai yiwuwa mu nemi wani wuri. Ga aikin ya matso, ban san inda zan kai tsohuwar da za a yanka wa gwiwa ba. Na gaya wa Gwaggo ina zaton za ta tsorata. Murna ta yi, ta ciro mayafinta na biki, wai yanzu ne za a yi baƙunta ta gaskiya.

Ya zo fuska a ɗaure, tare da mahaifiyarsa, don ashe gidan nata ne, nan ta raini 'ya'yanta. Tsohuwar ta wuce kicin kai tsaye. Ta ɗaga tukwanen da muka tarar baƙi ƙirin, ta ga Gwaggo ta goge su har suna ɗaukar ido. Ta buɗe miyar lalo, ta ja yauƙinta da cokali, ta ce ai irin tasu ce. Can sai ga su zaune suna nuna wa juna gwiwa, ashe mahaifiyar tasa an riga an yi mata irin aikin. Wannan na Larabci, wannan na Hausa, babu mai neman fassarata. Ni da Mahmud muna tsaye kamar waɗanda aka kora daga aji.

Aka daidaita a kan shanya ta koma saman rufi inda matan benen suke yi, girki kuma a buɗe taga. Mahmud ya durƙusa ya roƙi Gwaggo a ajiye daddawa. Nan take ta amince. Da suka tafi na ce ai abin da na karanta mata kenan tun a jirgi. Ta ce, "Wancan waya ce ta faɗa. Wannan maigida ne da bakinsa."

Aiki ya yi kyau. Ranar tafiya na ce ta huta, akwai masu zuwa shara. Ta ƙi. Tana dogara ƙarfen koyon tafiya da hannu ɗaya, tsintsiya a ɗayan, ta bi ɗaki ɗaki. Tana cikin yi take gaya mini cewa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinsu tana budurwa, a gidan wasu mutane suka fake kafin su yi nasu, kuma uwarsu ba ta taɓa barin rana ta fito musu tsakar gidan ba a share ba. Na karɓi tsintsiyar na ƙarasa. Abin da Mahmud ya rubuta a kanmu a manhajar gajere ne: baƙi ne na kirki, amma a tambaye su abin da ke cikin jaka.

Ta yi tafiya da sabuwar gwiwarta har ta gaji, ta gaida duk wanda take son gaidawa daga Kiru zuwa Burumburum, sannan Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan Gwaggo Tabawa, ya yafe mata, ya sauke ta a gidan da ruwa ba ya ci kuma ba a cewa a tashi. Amin.