Sun Karya Ƙafafun Baba Assu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba, Allah ya karɓi ran Baba Assu Ait Hammu a asibiti, kwana uku bayan wasu mutane sun tare shi a dajin da ke saman garin Azru sun yi masa dukan kisa. Shekarunsa sittin da takwas. Talatin daga ciki ya yi su ne yana horar da mu masu gudun dogon zango, yana gyara ƙafafun da muka lalata da kanmu.

Baba, ba zan yi maka ƙarya don ka rasu ba, hannunka ba shi da taushi. Idan ka shafa man zaitun ka nutsa babban yatsa cikin sha-raɓar mutum, ƙato sai ya ciji tawul yana kiran uwarsa. Kai kuwa ka ce, "Yi ihunka, ɗan nema, maƙwabta sun saba."

Ni Mimun, shekara tara da suka wuce, saura mako biyu a yi gasar da na shekara ina wa shiri, ƙwaurina na dama ya fara zugi. Na ɓoye, na ci gaba da cin kilomita ɗari da tamanin a mako. Ranar da ka gano, yatsa ɗaya ka danna a kan ƙashin na daka tsalle. Ka ce ya tsage, wata biyu babu gudu. Na ce tsufa ne ya fara taɓa ka. Sai ka ɗauko takalman gasata ka sa wuƙa ka tsarge su a gabana. Ban san lokacin da na kai maka naushi ba. Haƙoranka biyu suka zube a siminti. Ka tofar da jini, ka goge gemu, ka ce, "Madalla, hannun dai lafiya lau. Da shi za ka yi gudun?" Washegari da kumburarren baki ka kai ni aka ɗauki hoton ƙashin, ga tsagar nan kamar zare. Wata biyu kana tsoma ƙafata a rafi mai sanyi kana sa ni tuƙa keke, ba ka taɓa tayar da zancen haƙoran ba. Na ƙara shekara bakwai ina gasa a kan wannan ƙafar.

A watan jiya agarar Itto ta kumbura, ita da ta fi kowace mace gudu a rukuninmu. Ka hana ta fita. Sai wani mai yawo da jakar allurai tsakanin 'yan gudu, wanda ba zan ƙazantar da takardar nan da sunansa ba, ya lallaɓo ya ce mata allura ɗaya za ta kashe zafin ta yi gasarta. Ka shigo ka tarar ya riga ya zuƙi maganin, ita ta miƙe ƙafa a benci. Ka sauke masa sandarka a wuyan hannu, muna waje muka ji ƙarar ƙashin.

Ka daka masa tsawa, "Ka kashe zafin, jijiyar ta tsinke a tsakiyar hanya, kai kana ina?"

Ka tattake kwalaben, ka ja shi da wuyan riga har titi. Yana riƙe da hannu ya ce, "Tsoho, za ka gane kurenka." Muka roƙe ka ka sanar da 'yan sanda, ka ce ba ka da lokacin zaman jira.

Ranar Litinin bayan sallar asuba ka riga mu fita a keke don ajiye mana ruwa a hanya, kamar kullum. Mu sha ɗaya muka biyo a guje. A kilomita na takwas muka ga keken a yashe, kai kana cikin kwazazzabo. Waɗanda suka tare ka su uku ne, da rodi, kuma ƙafafun suka nufa. Ƙashin ƙwaurin hagu ya huda fata ya fito, gwiwar dama ta dagargaje, kai ya fashe ta bayan kunne.

Muka ɗora ka a bargon wani makiyayi, muka ɗauka muna gudu muna karɓa-karɓa zuwa kwalta, jini na ɗiga ta ƙasan bargon. Idonka a rufe, na ɗauka ka suma. Sai na ji ka ce, "Wa ke dukan ƙasa da ƙafar hagu haka?"

Haddu, wanda ke riƙe da gefen kanka, ya ce, "Ni ne, Baba."

"Diddigen ne ko? Hutun kwana goma, ja'iri."

Haddu yana gudu yana kuka. Ba ka sake magana ba.

An kama biyu, mai allurar ya tsere. Liman ya ce mu bar wa hukuma, kuma za mu bari, amma ban yafe ba, ba kuma zan rubuta cewa na yafe ba. Itto ta daina cin abinci, tana cewa ita ta jawo. Matarka Lalla Rabha ce, cikin fararen kayan takaba, ta sa aka kawo mata ita, ta ɗura mata miya a baki, ta ce, "Sha, 'yar nan. Ai ba don ki mutu ya hana ki gudu ba."

Allah ya jiƙanka da rahama, Baba Assu, ya sa azabar da ka sha ta zama kaffara, ya yalwata makwancinka, ya karɓe ka cikin shahidai. Allah ya tona asirin wanda ya gudu. Ga Lalla Rabha, da 'ya'yanka Yamna da Bassu, da duk wanda ya taɓa cizon tawul a ƙarƙashin hannunka, Allah ya ba mu haƙurin da a yau ni ba ni da shi. Amin.